Zanen da Na Wanke

Ni ce na wanke zanen. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin ko ban faɗa ba, duk wanda ya ratsa ta Dukawuya sai an ba shi labarin, har da ƙarin gishiri. Wasu na cewa a injin wanki na jefa shi, wasu na cewa har wajen masu bugu na kai shi a Ƙofar Mata. Duk ƙarya ne. Da hannuna na wanke shi, a bahon Ummanmu, da ruwan zafi da omo. Na ɗauraye sau huɗu, na sa sitati, na goge shi har ya kusa tsayawa da ƙafarsa. Kuma da zuciya ɗaya na yi.

Zanen na Hajiya ne, kakata, mahaifiyar Abbanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake ce mini Ummi, ita kuma take kirana Takwara. A waje ba wanda ya damu da sunanta na yanka. Gwaggo Marka ake ce mata, sunan wata masifaffiyar tsohuwa da ta fito a wasan talabijin tun Abbanmu yana yawo ba wando. Ta yi wasan daɓe, ta yi na talabijin, ta yi fim tun zamanin kaset, yanzu kuma tana yin mai dogon zango da ake kallo a waya. Lambobin yabon da ta karɓo suna jere a kan sif ɗinta, ban da guda ɗaya mai nauyi, wanda take tokare ƙofar ɗaki da shi idan ana iska.

Ni kuwa shekarata goma sha shida, kuma ra'ayina a lokacin shi ne babu sana'ar da ta kai ta Hajiya sauƙi a duk faɗin Kano. Ka yi kuka, ka yi dariya, a ba ka shinkafa da kaza a lokeshan, wurin ɗaukar fim, ka dawo gida ana ɗaga maka hannu. A ajinmu idan na kwaikwayi tafiyar malamar lissafi, sai 'yan mata sun faɗo daga benci. Shekara biyu na yi ina bin Hajiya da naci, har ta gaji ta samo mini fitowa ɗaya a fim ɗin da take yi.

A fim ɗin Hajiya mai waina ce, wadda ta riƙe ɗanta da tanda har ya zama babban mutum. A fitowar ƙarshe ɗan ya zo da mota yana roƙonta ta bar bakin murhu ta koma gidansa ta huta. Ita kuma ta ƙi, ta miƙa wa jikarta cokalin juya waina. Jikar nan ni ce. Maganata kalma huɗu ce: "Kawo in juya, Iya." Wata guda na yi ina maimaita ta a gaban madubi, da murya kala goma sha biyu.

Ranar Asabar aka ɗauki rabin fitowar. Kafin a zo kaina hadari ya taso, ruwa ya watsa mu. Darakta, Malam Nura, ya ce a ƙarasa Litinin. Hajiya ta kwance zanen wasan, ta naɗe a leda, ta ɗora a kan adakarta. Ranar Lahadi ta tafi suna, ni kuma na shiga ɗakinta neman caja, sai warin hayaƙi da tsohon mai ya tare ni. Na buɗe ledar. Na ce a raina, mace mai lambobin yabo har da na tokare ƙofa, a ce gobe ta tsaya kusa da ni a gaban kyamara da wannan tsumman? Me za a ce game da jikokinta? Sauran kun riga kun ji.

Litinin da safe a lokeshan Hajiya ta buɗe leda. Ta ɗago zanen, ta juya shi, ta sansana.

"Takwara," in ji ta, "Allah ya yi miki albarka."

A gidanmu kowa ya san idan Hajiya ta fara da sa albarka, to mutum ya duba inda ƙofa take.

Malam Nura ya ciro waya ya nuna mini hoton da aka ɗauka ranar Asabar. A kan cinyar hagu akwai tabon mai, faɗinsa ya kai murfin kwano, gefensa baƙi. A ƙasan zanen kuma ga ɗige-ɗigen ƙullu da ya bushe.

"Kin gani, Ummi? A rabin farko tana magana da wannan zanen. In na haɗa da na yau, tana juya kai kawai sai a ga zane ya wanku ya gogu. 'Yan kallo suna yafe wa mutum kisan kai a fim, amma ba sa yafe wannan." Ya juya wajen Hajiya. "Mama, ko a kawo man gyaɗa a zuba?"

"Nura, man da aka zuba daban, man da hannu ya shafa daban. Duk macen da ta taɓa zama a bakin murhu za ta gane, kuma su ne masu kallona."

Ya dafe kai. Rabin farko ba zai sake ɗaukuwa ba, domin motar aro ce, mai ita ya tafi da abarsa Abuja. Wanda ya fito a ɗan Hajiya kuma Lahadi zai tashi Umara. Asabar kaɗai ta rage. In zanen bai koma yadda yake a hoto ba zuwa ranar, Malam Nura ya ce zai yanke fitowar gaba ɗaya, ya ƙare fim ɗin a wadda ta gabace ta. Wato fitowar da Hajiya ta ce ta fi shekara goma ba a rubuta mata irinta ba, kuma ita ce tawa tilo a duniya.

"Zai koma," in ji Hajiya. "Wadda ta wanke ita za ta ɓata."

Talata, ana idar da sallar asuba, muka hau adaidaita zuwa Ƙofar Na'isa. A wani lungu a can Iya Abu take suyar waina, 'yar gajeriyar tsohuwa mai bakin da ya fi wuƙar mahauta kaifi. A jikinta Hajiya ta karɓi zanen, da dattin kwana uku a kansa, ta ba ta sabon turmin atamfa a madadinsa. Da aka ba ta labari sai da ta ajiye ludayi ta yi dariya har da tari.

"Har da sitati, 'yar nan? Shekara tara ina ɗaura zanen nan, bai taɓa ganin sitati ba sai da ya shiga fim."

Na ce a hankali, "Hajiya, to me zai hana Iya ta sake ɗaura shi kwana uku, shi ke nan?"

"Ni na yi nawa," in ji Iya Abu. "Yanzu ni mai sabuwar atamfa ce."

Ran nan ba a bar ni na taɓa tanda ba, ba a kuma ba ni zanen ba. Aikina kallo ne. Hajiya ta samu kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefe, ta ja mayafi, ta ce in ajiye waya a jaka.

"Kin san adakar da ke ɗakina? Kina tsammani gwala-gwalai ne a ciki, na sha ganin kina leƙe. Zannuwa ne. Kowanne daga jikin mace mai sana'a na karɓo shi. Akwai na mai daddawa, akwai na ungozoma, akwai na mai kitso, akwai farar rigar wata ma'aikaciyar asibiti da aljihunta ya sha biro. Manomi yana da fartanya, ni waɗannan ne kayan aikina. Da su, da littafin da nake rubuta ta wane gefe na ƙulla ɗankwali a kowace fitowa, da wane hannu na riƙe kofi. Dā akwai gwangwanin hoda na yin furfura, amma Allah ya hutar da ni, yanzu kyauta nake samu."

Ta ce wani malamin makarantarsu, Malam Ɗanjuma, shi ya koya mata wasa. A lokacin mata ba su cika hawa daɓe ba, maza ne suke ɗaura zane su tura tsumma a ƙirji su maƙale murya. Mahaifinta bai yarda ba sai da matar Malam ta yi alkawarin ita za ta riƙa kai ta tana dawo da ita. Shekara biyu ba ta taka daɓen ba sai da tsintsiya. In an fara wasa, sai ta tsuguna a bayan labule da takarda, duk wanda ya manta maganarsa ta raɗa masa.

"Wasa bakwai na haddace a bayan labulen nan, na kowa da kowa, har da na sarki da na ɓarawo. Ba lasifika a lokacin. Malam yakan tsaya a can ƙarshen fili, wajen masu sayar da rake, ya ce in yi magana. In bai ji ba ya ce in sake. In na yi ihu ya ce ba kiran awaki ya aiko ni ba. Murya daga ciki take fitowa, Takwara, ba daga maƙogwaro ba."

Na ce na gane. Ƙarya nake, yunwa ce ta dame ni, ga waina tana tashi a gabana kamar tana kiran sunana.

Laraba aka ba ni cokali, amma da tsohon siket ɗina. Wainar farko ta manne. Ta biyu ta ƙone. Ta uku na juya ta da ƙarfi ta yi tsalle ta faɗa toka, wata akuya ta zo ta sansana ta, ta dube ni, ta wuce. Mai ya fallatsar mini a hannu har na fara karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Iya Abu ba ta ko kalli tandar ba, tana zuba wa yara miyar taushe, ta ce, "Ta kusa da ke ta nuna." Na duba, ta nuna kuwa. Har yau ina zargin tana da ido a ƙeya.

Ana cikin haka wani dattijo ya zo sayen waina, ya ƙura wa Hajiya ido, ya ajiye kwanonsa.

"Ba Gwaggo Marka ba ce wannan?"

"Ni ce, Alhaji. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Amma ni har yau ban yafe miki akuyar marainiyar nan da kika yanka ba."

"Alhaji, akuyar nan ta mai gadin gidan talabijin ce. Ta haihu sau biyar bayan na yanka ta."

Ya girgiza kai, bai gamsu ba, amma ya sa aka zuba mata waina ta musamman kafin ya tafi.

"Kin ga masu sayen hajata ke nan," in ji Hajiya. "Mai tumatir a kasuwa ta taɓa hana ni tumatir saboda akuyar nan. Wata kuma ta bi ni har gida da jaririya, ta ce sai na yi mata addu'a, domin ta ga na karɓi haihuwa a fim. Ba a yi musu dariya. In sun yarda da ke har haka, kin ci abincinki da halal."

Ta ce ranar da ta fara shiga gidan talabijin da muryar daɓe ta shiga. Ta buɗe baki sau ɗaya, mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya fita waje yana salati. Sai da ta koyi rage komai. Da fim ya zo kuma, kyamara ta matso har tana jin numfashinta, ta sake ragewa. "Daɓe yana son jiki duka. Talabijin yana son fuska. Fim ido kawai yake so, sauran jikin ki ba shi aikin yi ya bar ki." Wasannin Gwaggo Marka kuwa babu ko ɗaya yanzu. Kaset yana da tsada, in an nuna wasa sai a ɗauki labarai a kansa. "Ba ta ko'ina sai a cikin kawunan irin su Alhajin nan. Shi ya sa nake gaishe su da kyau."

Da rana ta ɗaga muka tashi, ina taƙama domin siket ɗina ya yi kaca-kaca da mai. Hajiya ta ciro hoton da Malam Nura ya turo mata, ta kara a jikina.

"Duba."

Na duba. Tabona yana dama. Na hoton yana hagu.

"To sai in riƙa shafawa a hagu," na ce.

"Sai ki gano abin da ya sa yake hagu. In kika shafa don kin ga hoto, zubawa ce da hannu."

Alhamis na ɗaura zanen. Rabin sa'a na farko ban taɓa komai ba, hannun Iya Abu kawai nake kallo. Sai na gani. Damanta ba ta ajiye cokali, kuma da ita take miƙa wa mutane abinci, don haka kullum a tsaftace take. Ba mai waina da za ta miƙa wa mutum abinci da hagu a garin nan ta sake ganinsa. Duk aikin datti na hagu ne. Ita ke tura itace, ita ke ɗaga gwangwanin mai, ita ke gyara zaman tanda. In ta gama sai ta sauka a kan cinya ta goge kanta, Iya ba ta ma san ta yi ba. Mai da baƙin itace, a wuri ɗaya, sau ɗari kafin hantsi. Ni kuwa jiya ajiye cokali nake yi in yi komai da dama, kamar mai cin tuwo.

Na riƙe cokali gam, na saki hagu ta yi wahala. Kafin ƙarfe takwas na manta da zane, na manta da hoto, domin yara 'yan makarantar allo da matan lungu sun yi layi, ana ta "Iya ta ɗari biyu, a sa yaji." Da na sunkuya can sai na ga wani ɗan duhu ya fara fitowa a cinyar hagu. Na buɗe baki zan yi guɗa, Hajiya ta ce, "Wainarki."

A ranar ta ba ni labarin muguwar shekara. Shekarar da aka tsayar da yin fim a garin nan, aka riƙa kallon duk ɗan fim kamar mai cutar da ake ɗauka. Matasa suka kwashe kyamarori suka koma wasu garuruwa. Ita ba ta iya tafiya ba, mijinta, kakanmu, yana kwance ba lafiya, Abbanmu yana makaranta. Gidajen da suke aiko mata katin biki suka daina. Wata maƙwabciya ta hana yaranta zuwa ɗibar wuta a gidanmu.

"Sai na tafi Ƙofar Mata wajen marina, na ce a ba ni ɗauri. Ana kawo farin yadi gida, ki zauna ki ƙulla shi da zare ƙulli-ƙulli, a kai rijiyar baba a tsoma, inda kika ƙulla ya fito fari. Wata goma sha ɗaya ina yi. Zare ya yanka yatsun nan har ba na jin zafin shayi. Matan da muke yi tare, sati biyu suna kirana Gwaggo Marka, daga baya suka koma ce mini mai ƙullin da ke kwancewa."

"Ba ki yi tunanin bari gaba ɗaya ba?"

"Na yi tunanin yadda suke cizon zare da gefen haƙori suna magana. Na rubuta a littafi. Da aka dawo aiki, fim na biyu da na yi, mai ɗauri na fito. Shi ya kawo abin da nake tokare ƙofa da shi." Ta gyara mayafi. "Ba shekarar da take wucewa ba ta bar wa ɗan wasa komai ba, in dai idonsa a buɗe yake."

Juma'a na soya tanda goma sha ɗaya, uku kawai suka ƙone, akuyar nan ma ta ci ɗaya. Hannuna ya cika da ɗigon ƙuna, gashina yana warin da ko Ummanmu sai da ta ce in riƙa zama a tsakar gida. Tabon ya yi faɗi, gefensa ya yi baƙi, ƙullu ya ɗiga a ƙasa da kansa ba tare da na roƙe shi ba. Da muka zauna cin ta ƙarshe na ce, "Hajiya, ke ba ki taɓa yin kuskure ba a sana'ar nan?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Iya Abu ta ce, "Gaya mata mana, Hajiya. Ai ni kin gaya mini ranar da kika zo karɓar zane."

Hajiya ta harare ta, sannan ta faɗa. Bayan shekara biyu a bayan labule, Malam Ɗanjuma ya ba ta fitowarta ta farko. Mai daddawa ce, za ta ratsa daɓe da faranti a ka, ko kalma ɗaya babu. Ranar gwaji na ƙarshe ta zo da kayan sallarta, da kwalli, da turaren mahaifiyarta da ta sata. Malam ya tsayar da kowa. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Jama'a, wa ya taɓa jin mai daddawa tana ƙamshin amare?" Ya tura ta gidan wata mai daddawa ta yi sati tana tsince kalwa.

"Zanen matar shi ne na ƙasan adaka. Har yau in na buɗe sai ya gaishe ni."

"Ashe gado na yi," na ce.

"Ni ban sa sitati ba," in ji ta.

Asabar na yi suyar safe, daga bakin murhu muka wuce lokeshan, zanen yana da ɗumi. Hajiya ta ɗaura. Malam Nura ya tsuguna da waya a hannu, ya dubi hoto, ya dubi cinya, ya sake duban hoto. Ya kira mai kyamara, shi ma ya duba ta cikin gilashinsa.

"Na yau ya ɗan fi faɗi," in ji Malam Nura.

"Tana ta magana da ɗanta tana aiki, Nura. Tabo ba ya raguwa."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "A kunna wuta."

Na sha ganin Hajiya a waya, amma ban taɓa tsayawa taku biyu daga gare ta tana aiki ba. Ɗan nata yana tsaye da babbar riga yana roƙo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta shafa man zafi a ido ba kamar yadda na ga wasu suna yi don hawaye. Tana juya waina kawai, tana ba shi amsa ba ta kalle shi ba. Da ya ce, "Iya, me tandar nan ta ba ki da ni ba zan ba ki ba?" sai ta tura itace da hagu, ta goge a cinya, ta ɗago ido ta dube shi sau ɗaya. Mai riƙe da sandar sauti, ƙato mai gemu, na ga yana share fuska da kafaɗa.

Sai aka zo kaina. Na ja numfashi daga ciki kamar yadda aka koya mini, na ce, "Kawo in juya, Iya." Tsuntsayen da ke kan bishiyar gidan suka tashi. Mai sauti ya cire abin kunnensa.

"Ummi, ba a ƙarshen fili muke ba," in ji Malam Nura.

Na sake, ta fito kamar mai karanta labarai. Na sake, na yi dariya. A karo na bakwai na ce "Kawo in iya, Juya." Rana tana tafiya, ƙullu yana ƙarewa. Hajiya ta yafito Malam Nura ta yi masa magana a kunne, sannan ta juyo.

"Takwara, bar maganar. Wainar can ta gefe za ta ƙone. In na miƙo cokali, ki cece ta."

Aka ce a fara. Ta miƙo cokali. Wainar kuwa da gaske ta fara baƙi a gefe, kuma na san abin da Iya Abu take yi wa mai ƙona waina. Na karɓa, na tsuguna, na juya ta, na juya ta kusa da ita, wuta ta ja baya na tura itace da hagu. Ban ji lokacin da aka ce a tsaya ba. Sai da na cika faranti na ɗago, na ga kowa yana naɗe wayoyin wuta.

A hanyar gida Hajiya ta miƙo mini ledar zanen.

"Yanzu je ki wanke. Ban da sitati."

Fitowar ta shiga fim ɗin, ba a yanke ta ba, kuma da ita aka rufe. A makaranta na gaya wa 'yan ajinmu cewa ni ce ƙashin bayan fim ɗin, amma tunda takarda ce wannan, ga yadda abin yake. Maganata ba ta fito ba. Fuskata ma ba ta fito ba. Hannuwana ne suka fito, da rabin kunnena na dama, na ɗan lokacin da bai kai a sha kofin ruwa ba. Na kai wa Iya Abu ta kalla a wayata, ta sa aka maimaita mata sau uku, ta ce waina ta biyu na yi saurin juyawa, amma hagun ta yi daidai. Zanen yana adaka, a saman na mai ɗauri. Malam Nura ya kira Hajiya ya ce yana da wata fitowa a hutu mai zuwa, yarinya mai koyon ɗinki, magana uku. Yau kwanana tara ina zuwa shagon wata tela a bayan layinmu, kuma har yanzu ba ta bar ni na hau keke ba.